Dakta Wu da Almajiransa

Duk wanda ya karanta littafin Jurassic Park na Michael Crichton, wanda ya fito a 1990, ko ya kalli fim ɗin da Steven Spielberg ya yi da shi a 1993, ya san Dakta Henry Wu. Shi ne masanin ƙwayoyin gado da attajiri John Hammond ya ɗauka aiki don ya dawo da dainoso, dabbobin da suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Ya zuƙo jininsu daga cikin sauron da ya maƙale a daskararren ƙaro, inda ya tarar da giɓi kuma ya cike da na kwaɗo. Ya yi su duka mata don kada su hayayyafa, amma gadon kwaɗon nan ya sa wasu suka rikiɗa maza, suka yaɗu, suka cinye mutane. Garin gyaran gira an rasa ido.

Marubucin gargaɗi ya yi, amma wasu sun ɗauke shi talla. A Afrilun 2025 kamfanin Colossal na Amurka ya cika duniya da shela wai ya tayar da wani ƙaton kyarkeci da ya ƙare fiye da shekara 10,000. Haba jama'a! Kyarkecin yau aka ɗauka aka yi masa sauyi 20 a ƙwayoyin gado, aka haifi 'ya'ya uku. Wai shin idan ka rina jaki zane-zane, ya zama jakin dawa ke nan? Aikin Wu ne sak: a haɗa gambiza a laƙaba mata sunan mamaci, 'yan kallo su yi tafi, masu kuɗi su zuba jari.

Ko inda aka yi abin da gaske ma, me aka samu? Akuyar dutsen nan ta Sifen, bukardo, ta ƙarshenta ta mutu a 2000. A 2003 masana suka samar da ɗiya daga ƙwayoyin jikinta, ta yi 'yan mintoci ta mutu saboda nakasar huhu. Dabba ɗaya ta ƙare sau biyu.

Za a ce mini ai bincike ne, kuma ilmi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na yarda. Amma wannan shela tana koya wa mutane mugun darasi, cewa ƙarewar dabba ba komai ba ce tunda gobe za a dawo da ita. Mai sare daji da maharbi ba su taɓa samun uzuri mai daɗin wannan ba. Baƙin karkandan Afirka ta Yamma, wanda aka yi wa ganin ƙarshe a arewacin Kamaru, an tabbatar da ƙarewarsa a 2011. Wane Wu ne ya dawo da shi?

Ku dubi Nijar kuwa. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai. Gwamnati da manoman wurin suka tsare su, suka haura 600, har aka kai takwas Gadabeji a jihar Maraɗi a 2018. Wannan shi ne aikin da ya cancanci tafi da kuɗi.

Saboda haka mu bar Dakta Wu a cikin littafi inda ya dace, mu tsare giwayen Yankari tun suna numfashi. Rigakafi ya fi magani, balle ciwon da ba shi da magani. Allah Ya sa mu gane.