Ƙananan Ramuka A Gilashin Mota

Direbobinmu na Hajj Yusuf sun sha tambayarmu: me ke sa gilashin gaba ya yi zanzana, alhali ba wanda ya jefe shi? Wasu na zargin yaran unguwa, wasu kuma na cewa gilashin jabu aka sayar masu. Mu dai a ganinmu yaran ba su da laifi. Mai laifin yana nan ƙarƙashin takalmanmu, wato rairayi.

Bari mu ɗan koma aji. A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Mohs ya jera duwatsu bisa taurinsu, daga 1 zuwa 10. Ƙwayar rairayi tana kan 7, gilashi kuwa bai kai 6 ba. Ke nan duk inda suka haɗu, gilashi ne zai ji jiki. To, ku auna motar da ke sheƙa gudu a hanyar Madani ko ta Atbara, ta yi kiciɓis da habub, irin wanda ke turnuƙe Khartoum daga watan Mayu zuwa farkon damina. Kowace ƙwaya sai ta ɓantari ɗan abin da ido ba ya gani. Shekara biyu, uku, sai ka ga gilashi ya yi dishi-dishi. Manyan ramukan kuwa aikin tsakuwa ne, wadda tayar tifa ko babbar mota ke watso wa mai bin ta kurkusa.

Amma fa ba duka daga hanya ba ne, da hannunmu a ciki. Da safe sai a ɗauki busasshen tsumma a goge ƙurar dare, ko a kunna waifa babu ruwa. Wannan daidai yake da dirzar gilashi da yashi. Motocin da suka daɗe a yashe tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 sun fi kowace shiga wannan haɗari, domin ƙurar ta yi kauri, robar waifa kuma rana ta ƙone ta. A fara kwarara ruwa sosai kafin hannu ya taɓa.

Wani zai ce, to mene ne, tunda bai fashe ba? Da hantsi ba ka ganin komai. Sai ka doshi Omdurman da la'asar sakaliya, rana na fuskarka, ko fitilar wani ta haske ka da dare: kowane rami sai ya watsa hasken, gaba ɗaya gilashi ya koma fari. A nan ne ake take yaro ko a afka wa keken jaki.

Rami ɗaya ana iya cike shi da wani irin danƙo tun bai zama tsaga ba. Kuma kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana, nan take tsagar ke miƙewa. Wanda ya yi zanzana ko'ina kuwa ba shi da magani sai canji, duk da mun san kuɗinsa ba wasa ba ne.