Marsiyya Ba Ta Manya Kaɗai Ba Ce

Idan aka yi rasuwa a ƙasar Hausa, akan yi zaman makoki, dangi da maƙwabta su zo gaisuwa, a yi addu'a, a watse. Bayan kwana arba'in, zancen mamaci yakan fara ja da baya. Bayan shekara arba'in kuwa, sai ka tarar jikansa bai san komai game da shi ba in ban da suna, shi ma sau da yawa laƙabi ne, domin alkunya ta hana 'ya'ya ambaton sunan yanka na iyayensu. A ra'ayina, wannan asara ce da malamin Hausa yake da ikon rage ta, ta hanyar koya wa ɗalibansa rubuta marsiyyar nasu mutanen, ko a waƙe ko a zube.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka marsiyya ta sarakuna da shugabanni ce, saboda waɗanda muka fi ji su ne na Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa bayan kisan gillar 1966, da na Janar Murtala Muhammad a 1976. Amma idan muka koma ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864), za mu ga abin ya fi haka faɗi. Gaskiya ne ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. Sai dai ba ta tsaya a nan ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima. Ta yi wa Zaharatu, inda ta ambaci yadda take taimakon mata masu naƙuda, da zuwa wankan gawa idan an kira ta. Ta yi wa Hauwa'u, jaji daga cikin 'yan taru, wadda take jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta ɗaukar karatu. Waɗannan mata ba su riƙe sarauta ba, ba su ja runduna ba, marubuta tarihin yaƙe-yaƙe ba su da abin da zai kai su gare su. Da waɗannan baitoci ne muke sanin irin aikin da matan wancan zamani suka yi, musamman tun da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukan Nana suka buga a 1997.

Abin lura a nan shi ne, Nana ta faɗi abin da kowace ta aikata. Wannan kuwa shi ne ya ɓace a yawancin rubutun tunawa da muke gani a yau. Kowa "mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai son zumunci". Cire sunan wannan ka sa na wancan, ba abin da zai sauya. Ban ce ƙarya aka yi ba, amma yabon da ya dace da kowa bai adana kowa ba. Ni kaina na faɗa wannan rami. Da kakata ta rasu, na cika shafi biyu da kirari, ban rubuta cewa ita ce ungozomar unguwarmu ba, ban kuma tambayi kowa garin da aka auro ta ba. Yanzu waɗanda za su gaya mini duk sun bi ta.

Wani zai ce ai tuna mamaci tayar da mikin zuciya ne, kuma addini ya hana kukan mutuwa. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da maganganun rashin yarda da hukuncin Allah. Ambaton alherin mamaci da yi masa addu'a ba ya cikin wannan, in da yana ciki da malamai irin su Nana ba su kusance shi ba. Haka nan, da Malam Aminu Kano bai rubuta rayuwar amininsa Sa'adu Zungur ba, wanda ya rasu a 1958, da abin da muka sani game da shi ya ragu.

To, kai malamin gobe, idan ka zo darasin insha'i, gwada ba ɗalibanka wannan aiki a maimakon "Ranar Kasuwar Garinmu". Kowa ya zaɓi wani nasa da ya riga mu gidan gaskiya, ya je ya tambayi tsofaffin gida: cikakken sunansa, mahaifarsa, sana'arsa, wurin wa ya yi karatu, wace magana ya cika yi, wane abu ya taɓa yi da har yau ake tunawa. Ka hana su ƙarin gishiri, ka kuma hana su tonon asiri. Abin da bai kamata a faɗa ba a bar shi. Sannan ka san ajinka. Yaron da aka binne mahaifiyarsa watan jiya, kada ka tilasta masa, kada kuma ka sa shi karantawa a gaban 'yan'uwansa. Bar shi ya rubuta a kan kakan da bai taɓa gani ba. Idan ka gama dubawa, ka mayar wa kowa takardarsa ya kai gida, domin ba ta kwabar makaranta ba ce.