Sunan Gari a Jikin Alewa: Macca, Tsaraba da Rabon Manomi a Japan

A al'adar Japanawa, wanda ya yi tafiya ba ya komowa hannu rabbana. Wajibi ne ya riƙo wa iyali da abokan aiki tsaraba, wadda suke kira omiyage, kuma an fi son ta kasance abin taɓawa da garin da ya je ya yi suna da shi. Wannan ne ya sa manyan tashoshin jirgin ƙasa suke cike da shagunan kayan zaƙi masu ɗauke da sunayen garuruwa. A 'yan shekarun nan launin kore ya mamaye waɗannan shaguna, sakamakon karɓuwar macca, garin ganyen shayin nan da ake rubutawa matcha a jikin kwalaye. Ra'ayina shi ne wannan sana'a ta cancanci goyon baya, amma da sharaɗi guda: sunan garin da ke jikin kwali ya zama gaskiya, kuma manomin garin ya ga amfaninsa.

Macca ba kowane koren shayi ba ne. Ana yi wa bishiyoyin rumfa na tsawon mako uku zuwa huɗu kafin tsinka, domin ƙarancin rana ya ƙara wa ganyen kore, ya rage masa ɗaci. Daga nan a turara ganyen, a busar da shi ba tare da an murza ba, a cire jijiyoyi da ƙarare. Abin da ya rage shi ake kira tenca, shi ake niƙawa. Dutsen niƙa na gargajiya ba ya wuce kimanin giram 40 a awa guda. Tarihi ya danganta yaɗuwar wannan shayi da malamin addinin Buda Eisai, wanda ya komo daga Sin a 1191, sannan Sen no Rikyu ya daidaita ladubban shansa a ƙarni na 16. A waɗannan ladubba akan fara cin alewa kafin a kurɓi shayin, domin zaƙi ya share wa ɗaci hanya. Ke nan zumuncin macca da alewa tsoho ne; sabon abu shi ne zuba garin a cikin alewar kanta.

Masu kishin gargajiya suna ganin wannan sabon salo zubar da darajar shayi ne. Ban yarda da su ba. Shan shayin da ake dafawa a buta ya daɗe yana ja da baya a gidajen Japan, ƙidayar manoma ta 2020 kuma ta nuna cewa matsakaicin shekarun waɗanda noma ne babbar sana'arsu ya kusa 68. Ƙauyen da matasa suka watse daga cikinsa ba zai rayu da bukukuwan shayi kaɗai ba. Alewa kuwa tana jan amfanin gona iri-iri a lokaci guda. A Kiyoto ana cuɗa macca da garin shinkafa a yi yatsuhashi mai laushi, a cusa masa dafaffen jan waken azuki, wanda mafi darajarsa daga yankin Tamba yake fitowa. A Fukuwoka ana haɗa maccan Yame da 'ya'yan sitiroberi na lardin, nau'in Amaou. Yoshino ta lardin Nara tana da sitacin saiwar kuzu, Tokushima da Kagawa suna da wasanbon, sukari mai laushi da ake murzawa da hannu daga wani siririn rake, Hokkaido kuma tana da madara da wake. Kwali guda na iya ɗauke da gumin manoma uku ko huɗu. Wannan shi ne tunanin da gwamna Morihiko Hiramatsu ya assasa a lardin Oita a 1979, na kowane ƙauye ya riƙi haja guda da zai yi suna da ita, kuma shi ne manufar dokar 2010 da ke ƙarfafa wa manomi guiwar sarrafa amfaninsa da sayar da shi da kansa.

Inda gizo ke saƙa shi ne batun suna. Ma'anar “shayin Uji” da 'yan kasuwar Kiyoto suka amince da ita ta haɗa ganyen da aka noma a larduna huɗu, wato Kiyoto da Nara da Shiga da Miye, muddin 'yan kasuwar Kiyoto ne suka sarrafa shi a cikin lardinsu. Saboda haka mai sayen alewar “maccan Uji” yana iya cin ganyen da bai taɓa shan raɓar Uji ba, kuma babu dokar da aka karya. Bugu da ƙari, tsarin da ya fara aiki gadan-gadan a Afrilun 2022 ya wajabta bayyana asalin sinadarin da ya fi nauyi ne kawai a cikin abincin da aka sarrafa. A alewa, wanda ya fi nauyi shi ne sukari ko fulawa ko wake. Macca, wanda sunansa ke sayar da hajar, ɗan kaɗan ne a ma'auni.

Labarin Nishiyo ta lardin Aici ya nuna ɗaya gefen matsalar. Dokar kare sunan wurin da haja ta fito ta fara aiki a Japan a 2015, kuma a 2017 aka yi wa maccan Nishiyo rajista a ƙarƙashinta. A 2020 masu sana'ar da kansu suka nemi a soke rajistar, domin sharuɗɗan noma da niƙa na gargajiya sun tsare hajar a farashi mai tsada, alhali kasuwa tana neman mai rangwame. Darasin a fili yake: ma'ana mai faɗi tana ruɗin mai saye, mai tsauri kuma tana shaƙe mai sayarwa.

Matsin kasuwa ƙaruwa yake yi. A 2024 kuɗin koren shayin da Japan ta fitar waje ya haura yen biliyan 36, abin da ba a taɓa gani ba, har wasu tsofaffin gidajen shayi na Kiyoto suka ƙayyade yawan abin da mutum guda zai saya. A shekarar ce kuma Kagoshima ta sha gaban Shizuwoka a yawan ɗanyen shayi. Sabuwar bishiya tana bukatar shekara huɗu zuwa biyar kafin a more ta. Idan nema ya fi samu, ƙaramin mai alewa na ƙauye shi ne farkon wanda zai rasa gari, kuma shi ne zai fi fuskantar jarrabawar sayen ganye daga nesa ya bar sunan garinsu a kwali.

Mafita a ganina hawa biyu ce. Na farko, duk sinadarin da aka ɗaga sunansa a fuskar kwali a faɗi inda aka noma shi da yawansa, ko da bai kai cikin cokali ba. Na biyu, a raba suna gida biyu: darajar shayin sha da ta garin alewa, kowace da sharuɗɗanta, ta yadda manomi zai sayar da tsinkar farko da tsada, ya sami kasuwar tsinkar baya a wurin masu alewa na garinsu ba tare da an yi wa kowa rufa-rufa ba.

Batun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 2021 ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar irin wannan rajista. Tambayoyin da Uji da Nishiyo suka fuskanta suna jiran waɗannan sunaye: ina iyakar Galmi, wa ya shata ta, wa kuma yake cin ribarta? Manazarta harshe da al'ada sun daɗe suna nazarin sunayen garuruwa ta fuskar asali da ma'ana. Lokaci ya yi da za a nazarce su a matsayin dukiya, tun kafin ɗan kasuwa ya riga manomi mallakarsu.