Ku Daina Shafa Wa Talaka Toka Don Ya Ga Sarki



A zaman da muka yi ranar Asabar a Runjin Sambo mun karanta labaran sababbin marubuta biyar, uku daga ciki suka kai mu wuri ɗaya. An ƙwace wa yarinya gonar gado, ko an ɗaure uban yaro bisa ƙage. An je fada, dogarai sun yi kora. Sai jarumi ya shafa toka ya zama mahaukaci, ko ya naɗa rawani ya zama malamin da ya zo da maganin ciwon gimbiya, ko yarinya ta ɗauki ƙwaryar nono ta bi sahun kuyangi. Dogari ya yi hamma, an wuce. A gaban sarki a yaye mayafi, sarki ya yi ƙwalla ya ce wallahi bai sani ba, a kamo azzalumi, a ɗaura aure. Tammat.

Mun gaji da wannan fage, kuma yawan maimaita shi ne ƙaramin laifinsa. Babban laifin shi ne abin da yake koya wa mai karatu: sarki ba ya laifi, dogari ne mugu, kuma maganin zalunci shi ne ka iya shigar burtu. An bar jaki ana dukan taiki. Wa ya ajiye dogarin a ƙofa? Wa ya gaya masa irin fuskar da za ta shiga da wadda za a kora? Sarkin da sai an yi masa ƙarya yake jin kukan talakawansa, da wane dalili muke rufe littafi muna yi masa kirari?

Magabatanmu ba su yi wa sarakuna wannan sassauci ba. Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, littafin nasiha a kan abin da ya wajaba ga mai mulki, gargaɗin da ya fi nanatawa a ciki kuwa shi ne kada sarki ya shige ɗaki ya ɓuya wa jama'arsa. A wuyan sarki ya rataya laifin rufaffiyar ƙofa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓar gaisuwa daga hannun talakawa cikin miyagun al'adun sarautar da ya yaƙa. Mu da muke zaune a garin da aka gina a kan waɗannan littattafai, abin kunya ne a ce alƙalaminmu ya fi na malaman wancan zamani tsoron taɓa mai rawani.

Sannan fagen ƙarya ne ko ta fuskar yadda ake shiga fada. Dubi baƙin da suka zo ƙasar nan daga nesa. Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824. Ana kiransa Abdullahi, amma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san Kirista ne daga Ingila, har ya yi masa tambayoyi a kan ɗariƙun addininsa. Abin da ya kai shi gaban Bello shi ne wasiƙar Shehun Borno, da kyaututtuka, da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima wanda ya sauke shi. Heinrich Barth, da aka sani da Abdulkarim, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a kusa da Wurno a 1853 ba tare da ya ɓoye ko shi wane ne ba. Sai da ya doshi Tumbutu a wannan shekarar, inda yake tsoron a kashe shi a hanya, ya fito a matsayin Balarabe Musulmi. Ke nan ana shiga fada ne da takarda, da wanda zai tsaya maka, da abin hannu, da haƙurin jira. A nan labari yake. Mai wasiƙa yana shiga, marar kowa yana kwana a zaure, mu kuwa mun tsallake wannan muna neman toka.

Akwai kuma tambayar da ba mu taɓa ganin wani ya amsa a shafin ƙarshe ba: me ya sami dogarin da aka yaudara? A rayuwa shi ke biya. A watan Disamba na 2012 wasu masu gabatar da shiri biyu a wani gidan rediyo na Ostiraliya sun buga waya asibitin Landan inda aka kwantar da matar Yarima William, suka kwaikwayi muryar Sarauniya Elizabeth da ta Yarima Charles. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗaga wayar ta yarda, ta haɗa su da ɗakin marar lafiya. Duniya ta yi dariya. Bayan kwana uku aka sami gawarta, ta kashe kanta. A nan gida, ranar 19 ga Janairu 2013, 'yan bindiga sun buɗe wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero wuta. Sarki ya tsira, direbansa da wasu dogaransa suka rasu suna kāre shi. Mutumin da ya san haka na iya faruwa, in ya tare baƙuwar fuska a ƙofa, ba lalle mugunta ce ta sa shi ba. Yana da 'ya'ya, yana da umarnin da aka ba shi, yana da tsoron kora. Mu kuma mun mai da shi gunki mai jan rawani da bulala, wanda aikinsa kawai ya zama wawa a shafi na arba'in.

Mu ma mun taɓa yin shigar, shi ya sa maganar take ci mana rai. Mun je wani gidan sarauta da takardar gayyatar ƙaddamar da littafi, da ƙananan kaya, a kan babur. Sau biyu ana ce mana mai gida yana hutawa. A karo na uku ɗayanmu ya ari babbar rigar yayansa, muka roƙi wani abokinmu ya kai mu a mota. Ko tambayar sunanmu ba a yi ba. Mun fito muna tafawa kamar jaruman littattafanmu, sai muka ga wata tsohuwa da muka tarar tun zuwan farko tana nan a gindin bango, da takardarta a ƙulle cikin leda. Ba ta da yayan da za ta ari rigarsa. Dabararmu ba ta buɗe mata komai ba, sai ma ta ƙara tabbatar wa masu ƙofa cewa riga ce ma'auni.

Mun san za a ce labari nishaɗi ne, kuma Abubakar Imam ya yi. Gaskiya ne, a Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar 1933, Alhaji ya sha shiga gari a matsayin abin da ba shi ba. Sai dai Imam bai sayar mana da shi a matsayin waliyyi ba. Muna dariyar wayonsa, muna kuma dariyar manyan da ke ruɗuwa da rawani. A Magana Jari Ce kuwa, mai tsare ƙofa shi ne gwarzo, domin aku ne ya riƙe Musa da labarai har ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. Imam ya ba mai gadi hankali. Mu mun ɗauki rigar dabarar mun bar hankalin.

Saboda haka ga roƙonmu. In dole jaruminka ya ɓad da kama, ka sa abin ya ci masa wani abu: mutuncinsa, ko amanar wani, ko aikin dogarin da ya ji tausayinsa. Ka ba dogarin suna da gida da dalili. Ka bar wani a cikin labarin ya dubi sarki ya tambaye shi me ya sa sai da ƙarya ake ganinsa, kuma kada ƙwalla ta wanke shi. In kana da ƙarfin hali, ka bar jarumin ya shige ciki, kai ka tsaya waje tare da tsohuwar nan, ka rubuta mana yininta tun hantsi har la'asar.

Wanda yake ganin mun zaƙe, ga fili nan, ya kawo hujjarsa. Allah ya sa mu dace.