Risho, kurfoti da "Abacha" sun dawo, amma ɗakin hayarmu bai ƙara faɗi ba

Duk wanda ya zaga bayan kasuwa a Agege ko Sabon Ibadan a 'yan watannin nan zai lura da abu ɗaya: maƙera sun samu ciniki. Tsohon rim ɗin mota, guntun durom, kwanon rufi da aka cire daga wani gini, duk ana bugawa ana mayar da su murhun gawayi. A shagunan kayan kicin kuma koren rishon nan mai lagwani, wanda da yawanmu muka buɗe ido muka gani a ɗakin iyayenmu mata, ya sauko daga saman kanta ya dawo bakin ƙofa. Shekara biyar da suka wuce, amaryar da aka kai da risho sai ƙawaye su yi ta yi mata tsiya. Yanzu ita ce ake zuwa wa aro.

Ba sha'awar kayan da ba ce ta kawo haka. A 2020, cika tukunyar gas mai kilo 12.5 bai wuce naira dubu 4 da 'yan kai ba. Kafin ƙarshen 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna ya haura dubu 15. Tsakanin waɗannan shekaru aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin dakon kaya ya tashi. Gas ɗin girki kuwa, ko da a Bonny aka haƙo shi aka tace, farashinsa yana bin na kasuwar duniya ne, da dala. Wanda ya ce bari ya koma wa murhun lantarki shi ma bai tsira ba, don a Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit, sauran rukunan kuma wutar ma sai an ga dama.

Gwamnati ba ta yi shiru gaba ɗaya ba, a faɗi gaskiya. Tun 2021 Buhari ya ƙaddamar da abin da aka kira shekaru goman gas. A Oktoban 2024 an cire harajin VAT a kan gas ɗin girki, aka kuma ba da umarnin dakatar da fitar da wanda ake samarwa a gida zuwa waje. Farashin ya ɗan lafa na wani lokaci. To amma da ƙungiyar PENGASSAN ta shiga yajin aiki kan rikicinta da matatar Dangote a ƙarshen Satumban 2025, cikin 'yan kwanaki layi ya dawo gidajen gas a Legas, kilo ya yi tsalle. Uwargidan da ta ga haka sau ɗaya ba za ta sake yarda ta dogara da tukunya guda ba, kuma ba za a ga laifinta ba.

Sai dai kafin mutum ya ciro kuɗi ya sayi tsohon murhu, akwai lissafin da ya kamata a yi, kuma yawancinmu ba ma yi.

A fara da risho. Yana da arha a wurin saye, amma shi ne mafi tsada a wurin riƙo. An cire tallafin kananzir tun Janairun 2016, lokacin da lita ta tashi daga naira 50 zuwa 83 a farashin hukuma. Yau wannan ya zama tatsuniya: zuwa ƙarshen 2024 lita ta kai wajen dubu 2. A ƙiyasi, aikin da kilo ɗaya na gas zai yi a ƙarƙashin tukunya, sai risho ya sha lita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya yi shi. Wato wanda ya guje wa gas ya koma kananzir don tsimi, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Amfanin risho ɗaya ne a yanzu: ya zauna a gefe, ranar da gas ya ƙare ana tsakiyar tuƙa tuwo a kunna shi a ƙarasa.

Ga 'yan'uwanmu da ke Fatakwal, Warri da kewaye, akwai ƙarin abin tsoro. Kananzir ɗin da ake dafawa a ɓoye cikin fadama, wanda suke kira kpofire, yana shigowa kasuwa da sauƙin kuɗi, kuma sau da yawa akwai ɓurɓushin fetur a cikinsa. Kananzir na gaskiya ba ya kama wuta da ashana kai tsaye idan an zuba ɗan kaɗan a ƙasa. Wanda aka gauraya kuwa tururinsa kaɗai ya isa. Yawancin ƙunar da ake ji tana faruwa ne lokacin da aka ce wa yarinya ta ƙara wa risho ko fitila mai alhali wutar tana ci.

Gawayi shi ne ainihin wanda ya ci kasuwar, kuma a ganina ba don ya fi gas arha a ƙarshen wata ba. Idan aka tara abin da gida mai mutum shida ke kashewa a ƙullin leda safe da yamma, sau da yawa ya kamo kuɗin gas ko ya matso kusa. Bambancin shi ne gawayi yana karɓar kuɗin da ke aljihu yau. Mai tura baro a Mile 12, mai gadi a Lekki, mai yankan farce, ɗan acaba a inda ba a hana ba tukuna, ba albashi suke jira ba. Abin da aka samo da yamma shi za a raba: na shinkafa, na mai, na wuta. Mutumin da ke wannan hali ba ya iya ajiye dubu goma sha wani abu a rana ɗaya, ko da ya san a nan sauƙin yake. Talauci ne ke sa shi sayen tsada kaɗan-kaɗan.

Gawayin ma ba tsayayyen farashi gare shi ba. Mai yawa daga wanda ake ƙonawa a Legas da Ibadan daga yankin Oke-Ogun yake zuwa, su Saki da Iseyin, wani kuma daga Kwara da Neja. An sha fitar da shi ƙasashen waje, don haka mai ƙosai a Idi-Araba ta sha yin takara da mai cika kwantena. Da damina ta kankama, hanyar daji ta lalace, buhu ya tashi, wanda aka samu kuma ya sha laima, ya yi nauyi, ya ƙi kamawa sai an yi ta fifita.

Shi kuwa "Abacha", manya sun san tarihinsa. Ya samo sunan ne a shekarun mulkin Janar Sani Abacha, musamman wajen 1994 da ma'aikatan mai suka yi dogon yajin aiki kan zaɓen 12 ga Yuni, kananzir ya ɓace. Na asali da garin katako yake aiki: a sa kwalba ko bututu a tsakiyar gwangwani, a cusa sanda ta ramin ƙasa, a danƙara garin sosai, a zare su, sai a bar hanyar iska a cinna wuta. Yana iya ci na sa'o'i. Daga baya sunan ya bi har murhun gawayi na ƙarfe. A Kudu ne ma ya fi dacewa, tunda ga injinan yankan katako irin na kasuwar katako ta Bodija. Sai dai garin da a da ake roƙon mutum ya kwashe kyauta, yanzu masu kiwon kaji ma suna nema, an sa masa kuɗi.

Duk wannan lissafin kuɗi ne. Abin da ya fi damuna wuri ne.

Waɗannan murahun an yi su ne don gida mai tsakar gida. A Kano, Katsina ko Maraɗi, madafa tana can gefe, sama a buɗe, hayaƙi ya tashi ya tafi abinsa, yara suna wasa nesa. Mu kuwa a nan mafi yawanmu ɗaki ɗaya muke haya a irin gidajen nan na fes-mi-ai-fes-yu, ɗakuna goma suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya, kicin ɗaya idan ma akwai. Wasu a rumfunan katako suke, jikin juna. Matanmu da yawa ba sa son fitowa girki a gaban mazan haya, sai a shigar da kurfoti ciki a saki labule. Da ruwan sama ya sauko, wanda a Legas ko Onitsha sai ya wuni yana zuba, har wadda ta saba girki a waje sai ta ja murhun zuwa bakin gado.

Gawayin da ya ruru ya yi ja ba ya hayaƙin da ido ke gani, shi ya sa ake ɗauka ya zama lafiya. A lokacin ne yake fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin dai wadda ke kashe iyali guda idan an kwana da janareto a lungu. Tana farawa da ciwon kai, jiri da kasala, sai a ce ai zazzaɓi ne ko gajiya, a kwanta. Wanda ya bar sauran garwashi a ɗaki don ɗumi ko don korar sauro, ya rufe taga, to da ransa yake wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida daga irin wannan girki tana da hannu a mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa, tunda su ne a bakin tukunya, wani ma a goye.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai a matsayin baƙi. Masu gidajen haya da dama sun hana gawayi saboda baƙin bango da tsoron gobara, ana yi ne a ɓoye. Ranar da wuta ta tashi daga ɗakin ɗayanmu ta cinye na maƙwabta, ba sunansa za a kira ba, "Hausawa" za a ce. Mun ga a Shasha a Fabrairun 2021 yadda 'yar ƙaramar taƙaddama ta kasuwa ta ƙare da ƙona shaguna da asarar rayuka.

Kada kuma a ce jira za mu yi gwamnati ta raba murhun zamani. A 2014 gwamnatin Jonathan ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo ingantattun murahu dubu 750. A tambayi matan Sabo ko Ama Hausa ta Owerri wacece ta ga ko ɗaya.

Wanda ya zama dole ya sayi na gawayi, gara ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai laka ko siminti a ciki, da 'yar ƙofar iska da ake rufewa. Yana riƙe zafi, yana rage cin gawayi sosai, jikinsa kuma ba ya ƙona ƙafar yaro kamar na ƙarfe zalla. A duba ƙafafunsa su zauna daram, don tukunyar tuwo tana girgiza murhu. Mai risho ya riƙa datse lagwani har wutar ta yi shuɗi. Jan harshe asarar mai ne da baƙin tukunya. Masu tsoron gas kuma tsoronsu ba na banza ba ne, mutanen Baruwa a Ipaja ba su manta fashewar Oktoban 2020 ba. Amma haɗarin cikin gida yawanci daga tsohuwar tukunya da tsagaggen tiyo yake. Hukumar SON ta ce shekara 15 ne wa'adin tukunya, shekarar ƙira kuma tana rubuce a jikinta, don haka a duba kafin a sayi ta hannu.

Sauran aikin na shugabanninmu ne. Fadar Sarkin Hausawa da kwamitin masallaci suna tara kuɗi idan za a kai gawa gida ko a yi belin wani a ofishin 'yan sanda. Hannun nan guda zai iya zama da masu gidajen haya a nemi izinin kafa rumfar girki mai shinge a bayan gida, inda mata za su yi aikinsu a suturce, iska na wucewa. Matan da ke adashin kayan ɗaki da na biki kuma za su iya buɗe na wuta: kuɗin ƙullin gawayin da kowacce ke fitarwa kullum, idan mata goma suka haɗa, duk bayan kwana biyu ko uku ya cika wa ɗaya ƙaramar tukunya mai kilo 6.