Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masanan Cibiyar Binciken Kayan Lambu Ta NIHORT Kan Cutar Gwanda



Ranku ya daɗe, kuka nake kawo muku kan cutar zobe, bairos ɗin da ƙwarin darɓa ke yaɗawa. Idan ta kama gwanda, sai ganyen ya yi rawaya ya yamutse, jikin 'ya'yan ya fito da zobba, bishiya ta tsumbure. Ido kan ruɗe, amma gwajin PCR na kama ƙwayar tun da wuri.

A Hawaii, irin gwanda mai jure cutar, wato Rainbow, da aka fitar a 1998 ya ceci manoma. Sai dai bairos ɗin iri-iri ne, kuma kariyar da ta tare na Hawaii ba ta tare wasu na Tailan ba. Don haka dole mu san namu.

Don Allah ku ɗebo ganye daga lambunanmu, ku tantance nau'in, ku sanar da manoma da Hausa.