SHARHI: A Gyara Manifol ɗin Fijo, Kada a Sayar wa 'Yan Gwangwan

Tun daga shekarar 1975 da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Fijo 504 ta zama jakar talaka a wannan ƙasa. Ko da yake an daina ƙera ta a tsakiyar shekarun 2000, har yanzu akwai ragowarta a garejojin Mubi, wasu na aiki, wasu kuwa an jingine su saboda rashin kayan gyara.

Abin takaici shi ne yadda sassan waɗannan motoci na alminiyom ke ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, daga nan sai wurin masu narka tukwane. Cikinsu har da manifol, wato bututun da ke ɗaukar iska da fetur daga kafireta zuwa kan inji. Mai mota yakan sayar da shi bisa nauyin kilo, ranar da buƙata ta taso kuma ya nemi irinsa ya rasa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, duk wani kayan gyara na ƙasashen waje ya yi tsadar da ta fi ƙarfin direban haya.

Alhali kuwa gyaran ba ya buƙatar jari mai yawa. Akan kwance manifol, a jiƙa shi cikin kananzir domin baƙin mai ya saki, sannan a goge da burushi mai laushi. Kada a kusance shi da sodar sabulu, domin tana cin alminiyom, burushin ƙarfe kuma yana karce fuskar da gaskit ke zama. Daga nan sai a ɗora ma'auni miƙaƙƙe a kan fuskar, in ta lanƙwashe a daidaita ta, in akwai tsaga a kai wa mai waldar alminiyom, sannan a sa sabon gaskit.

Amfanin wannan a fili yake. Manifol mai yoyo yana zuƙar iskar da ba a auna ba, inji ya riƙa rawa yana mutuwa a tsaye, makaniki kuma ya ƙara buɗe wa kafireta mai domin rufe matsalar. Ke nan direban da ke jigila tsakanin Mubi da Yola yana biyan kuɗin wannan sakaci a gidan mai kullum.

Saboda haka muna kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da ta haɗa kai da ƙungiyoyin makanikai wajen koyar da matasa waldar alminiyom. Garin da ke cin kasuwa da Kamaru ba zai rasa masu kawo aiki ba. Su kuma masu motoci, ya kamata su nemi shawarar makaniki kafin su ɗora manifol a kan sikelin ɗan gwangwan.